Ranar da Na Je Ƙona Mushe

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Maigatari ba, shekarar da ɗana Abba zai rubuta jarrabawar gama sakandare. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni duba-gari ne. Aikina shiga mahauta da gidajen abinci da bakin kwata, in leƙa, in shinshina, in ɗaure fuska. Mutumin Gwaram ne ni, can kudancin jiha, kuma ba a daɗe da yi mini canjin wurin aiki zuwa bakin iyaka ba lokacin da abin ya faru. Na zo da iyalina da kakina, da kuma yaƙinin cewa babu abin da zai gifta ta gaban hancina ban gane shi ba.

Abba sunan mahaifina gare shi, shi ya sa muke sakayawa. (Da tsohon yana raye ya ga irin tsawar da nake daka wa mai sunansa, da ni ma na sha tawa.) Yaro ne mai sanyin hali, ba ya rashin kunya, ba ya yawon banza. Sau ɗaya ya taɓa cewa yana sha'awar karatun injiniya, ni kuwa na ɗauki maganar na kai ta ko'ina. Dangi a Gwaram sun sani, abokan aiki sun sani, har mai shayin bakin titinmu ya sani. A gaban baƙi ma Injiniya nake kiransa. Matsalar ita ce jami'a ba ta ɗaukar mutum wannan fanni sai da kiredit a lissafi, kuma da aka yi musu gwaji a makaranta, lissafin ne ya zube warwas.

Sai na tashi tsaye. Na ƙwace wayarsa na kulle a durowa. Na hana ƙwallo. Na yi masa alkawarin sabon keke idan ya ci, na yi masa alkawarin gonar kakansa da fartanya idan ya faɗi. Bayan sallar asuba akwai wa'azi, bayan cin abinci akwai tarihin ɗan wane da ya ci jarrabawa da fitilar ƙwai. Duk inda muka haɗu a tsakar gida tambayata ɗaya ce: "Ka yi karatu?" Amsarsa ma ɗaya ce: "Na yi, Baba." Wani lokaci in laɓe in leƙa ta taga, in gan shi ya zuba wa shafi ɗaya ido, in je in dawo in tarar bai juya ba. Na yanke hukunci a raina cewa lalaci ne kawai.

Mahaifiyarsa ta sha ce mini, "Malam, ka sassauta wa yaron nan. Kallon da kake yi masa irin wanda kake yi wa naman da ka zarga ne." Ni kuwa in ce mata ta bar ni da aikina.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa sai Abba ya tsiri fita bayan la'asar. Ba ya dawowa sai gab da magariba, kuma idan ya wuce ta gabana ina jin warin kara a rigarsa, wato warin kasuwar dabbobi, da wani ɗan ƙarni-ƙarni irin na ɗanyen fata. Idan na tambaya sai ya ce wajen abokai ya je. Ban yarda ba, amma na yi shiru ina sa ido.

Wata Laraba da yamma ina kishingiɗe a zaure, bayan ƙyaure, sai na ji abokinsa Nura ya zo ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa.

"Gobe za ka wajen mushe?"

"Yi a hankali mana, Baba yana ciki."

"Na jiya fa ya ba mu wuya. Mu duka muka taru a kansa, da ƙyar muka gama shi kafin magariba."

"Wallahi ni hannuna har ciwo yake."

"To ka taho da reza, tawa ta dakushe."

Mai karatu, ka sa kanka a matsayina. Mushe, reza, ƙarnin fata, kuma gobe Alhamis, ranar kasuwa, ranar da ake sauke dabbobin da suka sha doguwar tafiya, wata ma ta ƙarasa a cikin mota ba a samu yanka ta ba. Duk duba-gari ya san abin da marar tsoron Allah kan iya yi da irin wannan. Ga shi ɗan cikina, mai sunan ubana, ya bar littafi ya koma feɗe mushe. (Daga baya na gane ko a baki ba a faɗar mushen da suke nufi da nawa iri ɗaya, amma kunnen duba-gari mushe ɗaya ya sani.) Ban gaya wa mahaifiyarsa ba. Na ce wannan aikin hukuma ne.

Washegari na sa kakina mai guga, na kira Bitrus, ƙaramin ma'aikacinmu, mutumin Filato da ya shekara da shekaru a garin har Hausarsa ta fi tawa zama ta nan. Na ce ya ɗauko safar hannu da takunkumi da jarkar kananzir, domin ƙa'idar aikinmu ita ce naman da ya haramta a zuba masa kananzir a ƙone. Ya tambaye ni ina za mu, na ce ya yi tuƙi kawai. Muka bi su Abba daga nesa a kan babur, muka ratsa bayan kara, muka wuce inda ake shanya fatu, har suka shige wani gida mai ƙofar langa-langa.

Bitrus ya taka birki ya ce, "Oga, ai nan gidan Mushe ne."

Na juyo na dube shi. "Ashe ka sani?"

"Kowa ya sani mana, Oga. Ya daɗe a nan."

"Kuma kana sanye da kakin nan ka yi shiru?"

"To me zan ce? 'Yata Rahila ma tana zuwa. Shugaban ofishinmu ma nasa yaran biyu nan suka yi."

Ashe garin gaba ɗaya ya lalace, tun daga sama har ƙasa, ni kaɗai na rage. Bitrus ya buɗe baki zai ƙara magana na ɗaga masa hannu. Na sa takunkumi, na zura safar hannu, na karɓi jarka, na banka ƙofar ko sallama ban yi ba.

"Ina mushen yake? A fito da shi, yau sai na ƙone shi ƙurmus."

Abin da na tarar shi ne rumfar zana, da bencina, da yara maza da mata kusan cikin aji guda, kowa da littafi a cinya. Nura yana riƙe da reza yana fiƙe fensir. Ga baƙin allo an jingina da bango, ga Abba tsaye a gabansa da alli a hannu.

Wani dattijo siriri mai farar riga da tabarau ya miƙe a hankali daga kujerar roba. Ya dubi jarkar, ya dube ni, ya ce, "Ga ni, ranka ya daɗe. Sai dai ban kai ga mutuwa ba tukuna. In kuma ƙonawar ta zama dole, a yi haƙuri mu ƙare wannan lissafin."

Bitrus ya matso kunnena ya raɗa mini, "Oga, a Nijar malamin makaranta ake ce wa mushe. Daga Faransanci ne."

Yarinya ɗaya ce ta fara, ta toshe baki da hijabi, sai dariyar ta ɓalle ta bi bencinan nan kaf. Rahila har da sunkuyawa tana riƙe ciki. Ni kuwa na tsaya tsuru-tsuru da jarka a hannu, ina gode wa Allah da takunkumin da ya rufe mini rabin fuska. Na so in ce zagayen duba tsafta muka fito, amma wa ke duba tsafta da kananzir? Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige har da kakin.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, dattijon da Abba. Abba ya ajiye allin a hankali, kansa a ƙasa, ya raɓa ta gefena ya fice. A nan ne na dubi allon sosai. Lissafin da ke kai ba na 'yan ajin ƙarshe ba ne. Irin wanda ake yi a ƙananan azuzuwa ne, rabi da kwata da sulusi.

Dattijon, Mushe Laminu, ya ja ni zaure ya ba ni ruwa. Mutumin Damagaram ne, ya yi koyarwa har ya yi ritaya, ya dawo kusa da 'ya'yansa da ke kasuwanci a nan, yara suka gano shi suka hana shi hutawa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Yaronka da ƙafarsa ya zo mini. Tun yana ƙaramin ɗan lakwal, wato ɗan firamare, aka wuce shi a lissafi, ba wanda ya lura, aka yi ta ɗora masa sabo a kan abin da bai zauna ba. Mun koma baya muna tasowa, kuma yana da kai. Shi ya roƙe ni kada ka sani. Ya ce ka riga ka gaya wa mutane injiniya ne."

Na kama hanyar gida. Kafin in iso labari ya riga ni, mai shayi yana hango ni ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Abba ya daina zuwa. La'asar ta yi ya shige ɗaki, washegari ma haka, jibi ma haka. Nura ya zo ya yi ta sallama, Abba ya ƙi fitowa. Jarrabawa tana matsowa, ga wuri ɗaya tak da yaron nan ya samu yana ganewa, ni da hannuna na je na toshe masa shi. Tsoro na gaske ya kama ni, wanda ya fi kunyar nauyi.

Rana ta huɗu ko ta biyar na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi sallama a ƙofar ɗakinsa na jira ya amsa. Na zauna a bakin katifa. Na ce, "Abba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya daɗe yana wasa da bakin tabarma. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, kullum kana tambaya ta ko na yi karatu. Ina yi. Ganewa ce ba na yi, ita kuma ba ka taɓa tambaya ba."

Ni da nake taƙama da hanci, yaro yana gabana yana nutsewa, ina tsaye a kansa ina tambaya ko ya jiƙe. Na ba shi haƙuri, da bakina, ba ta hannun mahaifiyarsa ba. Ya ce ba komai, amma ba zai iya komawa ba, yara za su yi masa dariya. Na ce ai ba shi suke yi wa ba, ni ne, kuma zan je su ƙarasa ta a kaina.

Da la'asar na sa doguwar riga da hula, na goya shi a babur. Wannan karon na yi sallama har sau biyu. Na tsaya a gaban allo, na ba Mushe Laminu haƙuri, na ba yaran haƙuri, na ce duk mai sauran dariya ya yi ta yanzu ina nan. Suka kuwa yi, ba su rage ba. Dattijon ya bari suka gama, sannan ya miƙa wa Abba alli ya ce, "Inda muka tsaya." Ni kuma ya nuna mini ƙofa cikin ladabi, ya ce iyaye ba sa zama a ajinsa.

Daga ranar na mayar masa da wayarsa, na ajiye wa'azin asuba, na daina kiransa Injiniya. Abin ya yi mini wuya fiye da azumin bazara, don tambayar nan kullum tana zuwa mini har bakin leɓe. Da sakamako ya fito, lissafin ya tsallake da kiredit, na can ƙasa-ƙasa, irin wanda ya shiga da ƙyar ana rufe ƙofa. Na shiga ɗaki na yi sujada, na goge idona kafin kowa ya gani. Yanzu yana jami'a, kuma da kansa ya zaɓi karatun safiyo, wato awon ƙasa, ba injiniyan da na yi ta tallatawa ba.

Ni dai har gobe idan na ratsa kara sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Yallaɓai, yau wa za a ƙona?" Ina ɗaga hannu in wuce, don na cancanta. Darasin da na samu a rumfar da ba a bar ni na zauna ba shi ne, yaron da ya zuba wa shafi ɗaya ido ba lallai malalaci ba ne, wataƙila jira yake wani ya tambaye shi inda ya maƙale. Kuma idan ka je baƙon gari ka ji kalmar da ka tabbata ka sani, to ka bar na ƙasa da kai ya ƙarasa maganarsa.