Shuɗin Allon Sarkin Buroshi

Duk wanda bai san Nasidi Sarkin Buroshi ba, to bai taɓa taka tashar Talata Mafara ba. Shi ne gwanin nan mai zana zaki a bayan manyan motoci, zakin da in ka ƙura masa ido sai ka tuna da ɗan akuyar gidanku. Da Allah ya tashi ɗaukaka shi, ya je wani ɗan kwas Kaduna, ya dawo da hula kamar faifai da tabarau marar magani. Daga ranar ya haramta a ce masa mai fenti. Mai zane ne, jama'a, a kiyaye.

Ana cikin hidimar madatsar Bakolori, Kantoma ya so hoton da za a kai Sakkwato a ga albarkar ruwa: shinkafa kore shar, manoma suna dariya. Aka kafa wa Nasidi rumfa da ƙaton allo a bakin sakatariya na mako guda, ya yi zanen a gaban kowa, talakawa su ga yadda ake fasaha. In hoto ya yi kyau, akwai kujera a ma'aikatar al'adu. Tuni gogan ya yi sallama da tasha, har ya roƙi direbobi kada su yi kewarsa da yawa.

Ranar farko ya shafe allon kaf da shuɗin fenti, ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya. Sai ga jama'a. To, mutumin Mafara ba ya wuce mai aiki bai ce sannu ba, sannun kuwa ba ta tafiya ita kaɗai, sai an tambayi gajiya da gida da iyali da jikin tsohuwa. Wani zai amsa hannunsa na aiki. Ban da Sarkin Buroshi. Ajiye buroshin yake, ya gyara hula, ya hau bayani.

"Ku buɗe ido da kyau," in ji shi. "Jikokinku za su tambaye ku ko kun taɓa ganina ina aiki."

Sun dai gan shi yana magana. Ranar kasuwa mutanen Bakura da Dakko suka cika rumfar maƙil, don inuwarta ta fi ta ko'ina daɗi, shi kuwa ya ce a shaida ƙauye ma ya waye. Fenti ya daskare a gwangwani, buroshi ya sandare, ko a jikinsa.

Ranar ƙarshe Kantoma ya iso da baƙi. Ga allo nan shuɗi fayau, ko ƙwayar shinkafa babu. Nasidi ya dake, ya fara bayanin cewa babban zane a zuci yake fara nuna. Sai wata tsohuwa, Nagode, wadda ruwan madatsa ya tashe su daga wajen Maradun, ta matso da sandarta ta daɗe tana kallo.

"Wallahi yaron ga ya iya," ta ce. "Gonata ce wannan sak. Can gidanmu, nan kabarin mijina. Duk ya sa su."

Nasidi har ya soma rusunawa yana karɓar yabo kafin ya ga fuskar Kantoma.

Allon bai je Sakkwato ba. Kantoma ya ce kada a yi asarar katako, a rubuta "An hana wanka a nan" a kafa bakin magudanar ruwa. Nasidi ya rubuta a gaban jama'a, da kyakkyawan hannu kuwa, ya kuma gama kafin mai gaisuwa na farko ya kai ga tambayar iyali.