Nomau da Jinyar Dogo

A ƙauyen Unguwar Ɗinya akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, sai dai duk abin da aka faɗa masa, yadda ya shiga kunnensa haka zai aikata shi, ba ragi ba ƙari. Gida ɗaya suke da matarsa Tabawa da yayansa Sallau. Shi Sallau ya yi shekara ashirin yana aiki a jirgin ruwa a Ikko, da ya dawo kuma bai zo da komai na a zo a gani ba sai wani akwatin gilashi mai ruwan gishiri, da kifin teku a ciki. Kifin dogo ne kamar maciji, jikinsa dabbare-dabbare, bakinsa cike da haƙora. Sallau ya raɗa masa suna Dogo, yana ji da shi kamar ɗan cikinsa.

Wata rana Dogo ya daina cin abinci. Kwana tara yana kwance a ƙasan akwati, ko kallon yankan kifi ba ya yi. Sallau ya shirya zai tafi Ikko wajen wani abokinsa masanin kifaye. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar ƙanensa ya ce, "Nomau, amana ce na bar maka. Ka sa masa ido." Nomau ya ce, "An gama, Yaya." Da Sallau ya tafi, sai Nomau ya zauna yana shafa fuskarsa. Nasa idon biyu ne kacal, kuma duk yana amfani da su. Ya tashi ya nufi mahauta, ya roƙo idon akuya, ya zo ya jefa a ruwan. Tabawa ta shigo shara, ta ga ido yana yawo yana kallonta, ta yar da tsintsiya ta yi waje da salati. Da ludayi aka tsamo shi. Nomau ya ce, "Ni ma na ga kamar bai yi masa daidai ba. Na Dogo ƙanana ne."

Wata rana Sallau ya bugo waya daga hanya. Akwai wani ɗan inji da ke hura kumfa a cikin ruwan, shi yake nufi da ya ce, "Ka tabbata yana samun iska." Nomau ya ɗage murfin akwatin, ya ɗauko maficin Tabawa, ya tsaya yana yi wa ruwa fifita tun hantsi har azahar. Gumi ya jiƙe masa riga. Can Dogo ya gaji da abin da ke kaɗawa a kansa, ya yunƙuro ya cafke maficin, ya yage gefe guda. Nomau ya ruga tsakar gida yana murna: "Tabawa, ya ci! Ya ci mafici!" Ta ce, "Maigida, mayar da murfin nan kafin ya fito ya ci mu."

Wata rana kuma Sallau ya sake bugowa ya ce, "In ka ga ya buɗe baki, ka miƙa masa yanka ɗaya." To shi irin wannan kifi, buɗe baki da rufewa shi ne numfashinsa. Nomau ya zauna da kwano. Dogo ya buɗe baki, yanka ɗaya. Ya sake buɗewa, yanka ɗaya. Kafin la'asar kwano ya ƙare, ruwa ya yi dumu-dumu, ɗaki ya ɗauki ƙarni, Dogo bai taɓa ko guda ba. Tabawa ta yini tana tsamewa, suka zuba sabon ruwan gishiri daga jarkar da Sallau ya bari. Kyanwoyin unguwa dai sun yi salla a ranar.

Wata rana Tabawa ta ga mijinta ya yi tagumi a gaban akwatin, ya ƙi taɓa tuwonsa. Tausayinsa ya kama ta, ta ce, "Kwantar da hankalinka. Ka ɗauke shi kamar kowane majinyaci, za a samu sauƙi." Nomau ya ce lallai ya yi sakaci, majinyaci ai ana zuwa duba shi. Bayan sallar azahar ya miƙe a masallaci ya sanar cewa akwai marar lafiya a gidansu. Jama'a suka yi ta tururuwa, wannan da kunu, wancan da fura. Suka cika ɗakin Sallau, suna leƙe suna ƙwanƙwasa gilashi. Duk wanda ya ce, "Ya jiki?" sai Nomau ya dubi Dogo, ya ga bakinsa ya motsa, ya ce, "Ya ce da sauƙi." Dogo kuwa sai kai-komo yake daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana neman inda zai sa kansa.

Kwana biyu ana haka, Tabawa ta gaji da shimfiɗa tabarmi. Ta ce, "Wannan kifi naku kunya gare shi kamar suruki, ina zai ci a gaban jama'a? Sai dai ka yi masa ɗaki ka sa masa labule." Ta faɗa ne ta wuce rijiya. Nomau ya duba gidan kaf, bai ga abin da ya yi kama da ɗakin kifi ba sai sabon tulunta. Ya fasa gindinsa ya zama ƙofa, ya goge bakin fashin da dutse kada ya yanki Dogo, ya wanke tas, ya kwantar da shi a cikin ruwan. Ya ɗauko zanenta na zuwa biki ya lulluɓe akwatin. Da ta dawo ta ga ɓaraguzan tulu, sai ta zauna a kan turmi ta dafe kai.

Washegari Sallau ya iso. Yana shiga ɗaki ya ga akwati a lulluɓe, jaka ta suɓuce daga hannunsa. Ya ce, "Inna lillahi. Yaushe ya cika?"

Nomau ya ce, "Bai cika ba, Yaya. Yana ɗaki. Ka yi sallama."

Sallau ya ɗaga gefen zanen. Ba kifi, sai tulu. Ya saki yanka ɗaya a bakin tulun. Sai ga kan Dogo ya leƙo a hankali, ya wafce, ya koma. Ya saki na biyu, shi ma haka.

Sallau ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Kun san abin da abokina ya faɗa mini? Ya ce ba magani yake bukata ba. Kifin kogon duwatsu ne, in bai sami wurin ɓuya ba sai ya ƙi ci har ya mutu. Na je har Ikko na jiyo, ashe kai ka riga ka yi." Ya juya ga Tabawa ya ce ranar kasuwa shi da kansa zai zaɓo mata tulu biyu.

Nomau bai tsaya jin yabo ba, don ya ji sallamar masu dubiya a zaure. Ya fita ya tare su, ya sassauta murya ya ce, "Ku yi haƙuri, ya shiga ɗaki yana cin abinci. Zan gaya masa kun zo."