Rasuwar Madubin Mai Famfo Bayan Shekara Tara Ana Guga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannu mai cike da kanta, Mai Famfo da iyalansa suke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ƙarar guga ta taɓa hana shi barcin rana cewa madubin nan nasa na hangen sama ya riga mu gidan gaskiya. Ya cika ranar Talata da hantsi, a ɗakin ajiya, a kan durom ɗin da ya shekara tara a kansa.

Marigayin ya fara duniya ne a matsayin tagar jirgin ruwa. A wurin mai tsofaffin ƙarafa Mai Famfo ya tsince shi, gilashi mai faɗin babban tire da kaurin bulo, ya rungumo shi gida yana nishi. A ranar ya yi wa matarsa, Maman Yara, alkawarin cewa in ta ba shi aron ɗakin ajiyarta na wata shida, ita ce za ta fara leƙa duwatsun da ke kan wata kafin kowa. Baiwar Allah ta kwashe tukwanenta ta mayar ƙarƙashin gado, kuma har yau suna can.

Marigayin mai haƙuri ne ƙwarai. Kullum a yayyafa masa ruwa da garin guga, a kifa shi a kan wani gilashin, a tura a jawo, mai shi yana zagaya durom taki ɗaya bayan kowace tura goma, don tsakiyarsa ta lotsa kamar kwano. Bai taɓa ƙorafi ba. Yana yaro muryarsa “gurr, gurr” ce, har kajin maƙwabta suka yi ƙaura. Da aka koma gari mai laushi sai ya zama “shuu, shuu”. A shekarunsa na ƙarshe, da ake goge shi a kan faifan kwalta, ɗan “tsit” kawai yake yi, irin na dattijon da ya ga duniya.

Sai dai a faɗi gaskiya ko da a wurin makoki ne: tun shekara ta uku madubin ya kammala. Mai Famfo ne bai kammala ba. Duk ranar da aka sa za a ɗora shi a bututun hangen sama, sai ya rufe taga, ya kunna tocila, ya kanne ido ɗaya a bayan reza yana auna inuwa, sannan ya fito fuska a murtuke ya ce akwai ɗan tudu a tsakiya. Tudun nan bai kai kaurin numfashi a jikin gilashi ba, kuma duk duniya shi kaɗai ke ganinsa. Tsoro yake ji a leƙa a ce aikinsa da saura.

Ciwon ajalin gajere ne. Ranar Litinin aka kira Mai Famfo gyaran bututun ruwan da ya fashe a wani bene, ya fita a gurguje ya bar marigayin a kife kan kwalta ba ruwa. Kafin gari ya waye sun manne kamar an haife su tare. Mai Famfo kuwa shekara talatin yana fama da abin da ya cije, kuma magani ɗaya ya sani. Ya tafasa ruwa ya kwarara, ya ɗauko sifana ya ɗan ƙwanƙwasa gefe, a cewarsa cikin ladabi. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce “ƙas”. Ya rabu gida biyu, babba da ƙarami.

Ya rasu ya bar ƙaninsa, gilashin da ake goga shi a kai. Da bututu mai tsawon mutum da rabi, wanda aka ɗaura wa gilashin leƙawa tun shekarar farko yake ta zaman jira. Da reza goma sha ɗaya. Da wata da'ira da ƙafar mai shi ta sassaƙa a siminti, wadda ruwa ke kwanciya a ciki in an yi wanki.

Mai Famfo ya kwana biyu bai ci abin kirki ba. Gilashin bai dame shi kamar alkawarin ba, don ko ido ya kasa haɗawa da Maman Yara. Ita kuwa ranar Alhamis bayan faɗuwar rana, ta kira Mai Walda na ƙofar gida, suka cusa babban ɓarin a gindin bututu, suka tokare shi da tsumma da murfin tukunya, suka nufi wata da shi. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa, ta leƙa ɗaki ta ce:

“Baban Yara, na gani. Duk jikinsa ramuka ne da tudu, ya fi madubinka lalacewa, kuma ba wanda ya ce a sauko da shi a sake gogewa.”

Za a yi wa ƙaramin ɓarin sutura da tsohuwar rigar aiki ranar Asabar, a binne shi a gindin durom kafin a fitar da durom ɗin, tukwane su koma ɗakinsu. An ɗage binne babban ɓarin har sai layin masu leƙawa ya ƙare. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada kowa ya kawo sabon gilashi da sunan jaje. Maman Yara za ta tsaya a ƙofa tana duba jakunkuna. Bayan an watse za a kamo Mai Famfo, mutum biyu riƙe da shi, a kai shi bakin bututu ya leƙa a karon farko. An riga an ƙwace rezar, duka goma sha ɗayan.