Rumbun Injiniya Mas'udu

Duk wanda ya ce Dutsin-Ma ba ta haifi babban mutum ba, to bai taɓa shan shayi da hantsi a teburin Tukur ba. A nan Injiniya Mas'udu yake zaman fada. Injiniyancin dai babu wanda ya halarci ranar da aka ba shi, amma wa ya isa ya tambayi irinsa takarda? Wuyansa ɗauke yake da igiyoyin katin tarukan da ya halarta ta waya, hularsa kuwa ta yi tsayin da za ta iya kamo sabis da kanta. Ɗaliban jami'a ne suka laƙaba masa Sarkin Rumbu don shaƙiyanci. Shi kuma ya kai sunan wurin masu buga kati.

Rumbun nan ba na gero ba ne. Rumbun bayanai ne, wato manhajar da ake zuba sunaye da lissafi a cikinta a kwamfuta, a nemo su duk lokacin da aka so. Akwai wadda ake saye. Akwai kuma wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina da aikin gayya, suka bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, in ya iya ya gyara. Waɗannan 'yan gayyar su ne Injiniya yake kira "mu". Bai taɓa sara fartanya ko sau ɗaya a gonar ba, amma duk safiya sai ya buɗe waya ya karanto labaransu, ya fassara wa masu shan shayi da muryar wanda aka yi shawarar da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

"Jiya mun fitar da sabon zubin manhajar," in ji shi, yana tsoma burodi. "Na gaya masu tun bara a ƙara mashi sauri, sai yanzu suka ji. Matsalar yaran ga ke nan, sai ka faɗa sau biyu."

Tukur ya daɗe yana zaton yaran gidansa yake nufi.

Ana nan, wata safiya labari ya zo cewa wani kamfani ya canza lasisin manhajarsa, ya fara rufe ƙofar da ya bari a buɗe. 'Yan gayya suka yi fushi, suka ɗauki kwafinta, suka raɗa mata sabon suna, suka ci gaba da aikinsu. Dokarsu ta yarda da haka. Injiniya ya karanta, ya sake karantawa, shayinsa ya huce bai sani ba. Ashe ana ɓallewa! Shi da ya girma yana ganin yadda ake yi a jam'iyya, ya san duk wanda ya ɓalle shi ne ciyaman.

Kafin mako ya zagayo ya ɓalle. Babu wanda ya ɓata masa, babu ma wanda ya san da shi, amma ya ɓalle. Ya sauko da wata manhajar gayya mai tambarin bushiya, ya cire bushiyar, ya liƙa hotonsa da doguwar hula, ya sa mata suna Rumbun Mas'udu. Aka kafa rumfa, aka yi hayar kujeru, aka ɗauko maroƙi. Aka ɗaure kwamfutar da koren ƙyalle, ya yanka da almakashi, aka yi tafi. A jawabinsa ya ce yana miƙa hannun zumunci ga sauran rumbunan duniya, muddin za su san girman na gaba.

Da abin ya tsaya nan, da mun sha dariya mun watse. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ya kai ga Nana Hadiza.

Nana Hadiza ƙanwar mahaifiyarsa ce, a Kurfi take aure. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, matan da suka bazu daga cikin gari har Barkiya da Tamawa. Wanda bai taɓa ganin ana matsar tunkuza da hannu ba ya je ya dubi tafin hannunta. Wata ƙungiyar agaji ta yi musu alkawarin injin matsar mai, da sharaɗi guda: su nuna a kwamfuta abin da kowace mace ta sarrafa cikin shekara uku. Nana Hadiza ta bi gida-gida tana lallashin mata su ba da takardunsu. Wasu mazan suka ce yaudara ce, ta dafa ƙirji ta ce in injin bai zo ba a kama ta. Da ta rasa wanda ya san kwamfuta, sai ta tuna ai tana da ɗa Injiniya.

Ya karɓi aikin kamar wanda ake roƙo ya karɓi sarauta. Ya tara ɗalibai suka yi ta shigar da bayanan, ya ce horo yake ba su, su gode wa Allah. Da aka gama, Nana Hadiza ta ce a maido mata da takardun ta adana a ƙarƙashin gado. Ya dube ta da tausayi.

"Inna, takarda a gidan da Rumbun Mas'udu yake ai zagi ne. Mi za a ce da ni in duniya ta ji?"

Duniya ba ta ji ba. Amma a makon nan duk wanda ya sayi ƙosai a tashar Kurfi, a cikin lissafin matan Barkiya aka ƙunsa masa.

Saura ƙiris in manta da bushiya. Masu gina manhajar sun sa mata wani sashe da yake yin kwafin ajiya, don in rumbu ya rushe a sami abin komawa. To duk lokacin da sashen nan ya gama aikinsa, sai ya nuno bushiyar tare da godiya ga 'yan gayya. Ran nan ya yi haka a gaban baƙi, wani ya tambaya ko dabbar gidansu ce. Injiniya ya yi iya yinsa ya kankare ta, ta ƙi kankaruwa. Da ya ga haka sai ya tumɓuke sashen gaba ɗaya, kamar mai rushe ɗaki don ya kori ɓera. Ya sanar a teburin shayi cewa ya rage wa manhajar nauyi.

Ana jibi jami'ar ƙungiyar agaji za ta zo dubawa, sai ga labari: 'yan gayya sun fitar da sabon zubi, ya fi na da sauri. A can saman sanarwar, da manyan baƙaƙe, sun rubuta cewa kowa ya yi kwafin ajiya kafin ya taɓa komai. Amma babban mutum ba ya karanta gargaɗi, shi yake yin sa. Abin da ya hana shi sukuni shi ne a zo daga nesa a tarar Rumbun Mas'udu yana bayan na wasu. Bayan azahar ya ɗauko sabon zubin ya danna shi a kan wanda ya riga ya yi wa kaca-kaca. Kwamfutar ta yi jim, ta tambaye shi ko ya yarda a share abin da yake ciki a fara sabo. Ya ga kalmar sabo, ya ce ya yarda.

Da ya gane abin da ya aikata, sai ya rubuta wa 'yan gayya a dandalinsu. Ya fara da jero muƙamansa, ya gaishe su a matsayin takwarori, sannan ya umarce su da su kira taron gaggawa. Wani bawan Allah daga wata ƙasa ya amsa cikin ladabi, ya ce ya dawo da bayanan daga kwafin ajiya. Ya ƙara da cewa in kuma ya canza wani abu a manhajar, ya nuna musu, za su taya shi dubawa kyauta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Injiniya ya ɓoye nasa. Ya amsa cewa sirrin kamfani ne. Washegari ya shaida wa Tukur cewa ya dakatar da su duka har sai abin da hali ya yi. Ga Nana Hadiza kuwa ko uffan bai ce ba, sai ma ya aika mata cewa a tanadi lasifika.

Ranar dubawa matan suka iso Kurfi tun da hantsi, wasu a kan mashin, wasu a bayan a-kori-kura, da ƙurar hanyar Barkiya har gira. Sun ci ado. Sun kawo wa Injiniya tukuicin ƙuli-ƙuli cike da daro. Jami'ar, Madam Felicia, ta daɗe tana aiki a Dutsin-Ma, Hausa a bakinta kamar an haife ta a bayan kasuwa. Ta zauna ta buɗe jakarta tana jira.

Sai da ya yi jawabi. Ya yi bayanin lasisi, ya yi bayanin ɓallewa, ya yafe wa maƙiyansa na ƙasashen waje. Ya ce tun da aka fara gina rumbuna ba a taɓa yin mai sauri irin wannan ba, kuma Kurfi ce ta fara gani kafin Turai. Matan suka yi guɗa, domin sun ji an ambaci Kurfi.

Madam Felicia ta ce a nuna mata lissafin Rabi ta Tamawa. Ya danna. Kafin ya ɗauke yatsa amsa ta fito: babu. Ta ce to na Mardiya ta Barkiya. Babu. Ta ce a nuna mata na shugabar da kanta. Nana Hadiza ta gyara mayafi ta matso kusa, ta ga fuskar ɗan yayarta da doguwar hula a saman allon, ƙasa kuma fari fat.

Da wani ne, a nan zai nemi ƙasa ta tsage. Injiniya ya juyo ga taron yana murmushi.

"Kun dai gani da idonku. Da can sai an jira shi ya yi bincike. Yanzu kuwa, tambaya da amsa lokaci guda."

Madam Felicia ta tambaya a hankali ko akwai kwafi, ko takardun asali. Ba a samu ko ɗaya ba. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma akwai wata ƙungiyar a wani gari da take jira da nata lissafin a hannu, ba za ta iya riƙe injin ba. Ta rufe jaka, ta yi sallama.

Matan ba su yi hayaniya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ɗaya bayan ɗaya suka dubi Nana Hadiza, wadda ta dafa ƙirji a ƙofar gidajensu, suka miƙe suka fita neman abin hawa. Rabi ce ta dawo daga bakin ƙofa ta ɗauki daron ƙulin ta ɗora a ka.

Injiniya ya matso kusa da innarsa, ya rage murya kamar mai ba da albishir, ya ce kada ta damu da ƙananan abubuwa, ta dai shaida saurin.

Nana Hadiza ta dubi tafin hannunta, sannan ta dube shi.

"Na shaida, ɗan nan. Ai ko na gidanmu haka yake in bazara ta yi nisa. Rumbun da ba komi ciki, leƙawa ɗaya ake yi mashi."