Ranar da Agi Ta Ja Rosari

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da yammacin da 'yata Agi ta ja mana rosari, addu'ar carbi ta 'yan Katolika, a gaban baƙi ba. Har yau in na wuce wasu matan cocinmu a kasuwa, sai in ga suna danne dariya da bakin mayafi. Su danne. Ni dai ban sauya hanya ba.

Ni 'yar Kafanchan ce, aure ya kawo ni Tamale a ƙasar Ghana. Mijina ɗan ƙabilar Dagati ne, Katolika kamar ni, direban babbar mota, ya fi kwana a hanyar Kumasi fiye da gida. Muna haya a unguwar Kaladan, a gidan da duk sauran masu hayar Musulmi ne, kuma ban taɓa samun matsala da ko ɗayansu ba. Matsalata tana unguwar Dabokpa, sunanta Anti Filomina, yayar mijina, shugabar matan coci.

Abin da ya tsone mata ido shi ne yarana da Hausa suke addu'a. A wurinta Hausa yaren kasuwa ne da masallaci. Ranar da ta ji Agi ta ce "Allah ya kai mu gobe", sai da ta ajiye kofin kokonta.

"Yaran nan ya fara zama Musulmi," in ji ta. (Haka Hausarta take, mace da namiji da jama'a duk "ya" ne.)

Na ce, "Anti, da wannan yaren aka yi min baftisma. Da shi kakata ta yi addu'a har ta mutu."

Ta ce a kawo mata su Dabokpa ta koya musu addu'a irin ta mutane. Na ce mun gode, ban kai su ba.

Da watan Mayu ya kama, watan Maryamu, sai na ɗaura ɗamara. Na share kan teburin keken ɗinkina, na shimfiɗa farin zane, na ɗora hoton Uwarmu da kyandir biyu. Kullum Agi, mai shekara biyar, takan tsinko furanni a jikin katangar maƙwabta ta zuba a gwangwanin madara. Bayan tuwon yamma mu durƙusa mu uku. Ni nake jan rabin farko na Gaisuwar Maryamu, su amsa rabin ƙarshe.

Na ce mu uku, amma gaskiya mu biyu ne da rabi. Dauda, ɗan shekara uku, bai ɗauki rosari a matsayin addu'a ba. A wurinsa igiya ce ta jan mota. In bai sa tsakiyar a baki ba, ya sa yatsa a hanci, in ba haka ba yana kan hanyarsa ta zuwa wurin kyandir. Ni kuwa na yi wa kaina alkawari ba zan tsayar da addu'a saboda shi ba. Don haka bakina yana addu'a, idona yana kan Dauda, ina gyara shi ina ci gaba ba tare da na ja numfashi ba. Ina ma yaba wa kaina.

A cocinmu, cikin watan nan akan zagaya da mutum-mutumin Maryamu gida-gida, a yi rosari tare. Da layi ya zo kaina, na yi zoɓo, na soya cincin, na aro kujeru a wurin Mma Azara mai ɗakin kusa da namu. Mata suka cika tsakar gida, katikis, malamin cocinmu, ya zauna a gaba, Anti Filomina tana gefensa da farin ɗankwali. Maƙwabtana ma suka tsaya a bakin ƙofofinsu suna kallo cikin ladabi.

Aka yi Gaisuwa goma ta farko da Turanci, ta biyu da Dagati. Da aka zo ta uku katikis ya ce masu gida su ja. Na buɗe baki ke nan sai na ji Anti tana ce wa ta kusa da ita, ba ma a hankali ba, "Uwa ya iya. Yara fa?"

Nan ne girman kai ya hau ni. Ban taɓa jin Agi ta ja rabin farko ita kaɗai ba, amma ai kullum tana jina. Na miƙa mata rosarina na ce, "Agi, tashi ki ja mana."

Yarinya ta miƙe, ta haɗa tafin hannu, ta rufe ido kamar ƙaramar sista. Muryarta ta fito tas, da irin waƙar da nake yi:

"A gaishe ki Maryamu, cike da alheri, Dauda cire yatsa a hanci, Ubangiji yana tare da ke. Mai albarka ce ke a cikin mata, in ka taɓa kyandir ɗin nan sai na ci ubanka, kuma mai albarka ne ɗan cikinki Yesu."

Ta yi shiru, tana jiran a amsa.

Ba wanda ya amsa. Matsalar Tamale ke nan, kowa yana jin Hausa. Katikis ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Mma Azara ta shige ɗaki da sauri, na ji tana tari irin wanda ba tari ba ne. Uban da aka ce za a ci kuwa, ga yayarsa zaune da farin ɗankwali tana kallona. Dauda ne kaɗai ya bi umarni, ya cire yatsan.

Da ta ji shiru, Agi ta ɗauka ba a ji ba ne. Ta ja numfashi za ta maimaita. Na toshe mata baki da tafin hannu.

Anti Filomina ta ce, "Haka addu'a yake a Najeriya?"

Na ɗaga kai. Na ce, "A'a, Anti. Addu'ar ta coci ce, ƙarin nawa ne. Ku cire nawa ku gaya min inda ta yi kuskure."

Katikis ya gyara murya ya ce gaskiya babu kalmar da ta ɓata. Na ɗora Dauda a cinya, na riƙe hannayensa biyu, na ja gomar da kaina har ƙarshe, da Hausa.

Da za a tafi Anti ta tsaya a bakin ƙofa ta ce gobe a kai mata yaran su ƙarasa watan a wurinta. Na ce yarana ba inda za su. Mai son koya musu addu'a ga tabarma nan, ya zo ya durƙusa kusa da Dauda.

Ban zaci za ta zo ba. Washegari sai ga ta a yalo-yalo, keke napep ɗin Tamale, da rosarinta mai ƙyalli wanda aka kawo mata daga Roma. Ta ce in koma gefe in kalla. Ta fara ja a hankali, da murya mai sanyi. Ba ta kai Gaisuwa ta huɗu ba Dauda ya cafki rosarin ya ja, igiyar ta tsinke, duwatsun suka watse har ƙarƙashin gado. Abin da ya fito daga bakin shugabar matan coci da Dagati ne, ban ji duka ba, amma na tabbata ba sunan waliyyi ba ne.

Agi ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Mama, wannan ma in haddace?"

Anti ba ta sake tayar da zancen Dabokpa ba, ni ma ban tayar da zancen rosarinta ba. Har yanzu da Hausa muke addu'a a ɗakina, kuma haka za mu ci gaba. Abin da na koya ɗaya ne: yaro ba ya tace abin da ya ji, duka yake haddacewa. Yanzu in Dauda ya nufi kyandir, da ido nake zaginsa.