Daga Ƙarfen Tanki Zuwa Dabinon Baffa

"Kamilu, sauko kafin ka kayar mana da tankin ruwa!"

Na ce wa abokin ɗakina, "Muntaka, bar ni, ƙarfin gwiwa nake nema."

Kuma na samu. Ni da na yi zango uku a jami'a ina ganin Hadiyya 'yar ajinmu ba tare da na iya ce mata sannu ba, yau gidansu ba wanda bai san sunana ba. Bi matakan nan, ɗan'uwa, na yi maka alkawari kai ma za a san naka.

Mataki na ɗaya: Nemi ƙarfe

A waya za ka ga masu motsa jiki suna lilo a jikin ƙarfe mai sheƙi, cikin ɗaki mai madubi. A Dutse kake. Ƙafar tankin da ke bayan hostal ta ishe ka. Tsatsar ma riba ce, tana hana santsi.

Mataki na biyu: Faɗi

Za ka faɗi sau da yawa, cinyarka ta saɓule. Kada ka damu. Wanda maza arba'in suka yi wa dariya yana rataye kai a ƙasa, me ya rage da zai ji kunyarsa?

Mataki na uku: Yi mata magana

Bayan wata biyu na tare ta a ƙofar laburare, na ce, "Hadiyya, ina wuni."

Ta ce, "Au, ashe kana magana?"

Na yi kwana uku ina juya wannan jimla. Wallahi ban taɓa karanta wadda ta kai ta daɗi ba.

Mataki na huɗu: Tura mata bidiyo

Wanda ka miƙe a jikin ƙarfe kamar tuta. Za ta nuna wa ƙannenta a Yalwawa, su kuma su kai wa Baffa, wan mahaifinta, wanda sai ya yarda ake zuwa zance gidan. Masana sun ce gwaninta ba ta son ɓoyo. Ni ne masanan.

Mataki na biyar: Kada ka musa wa babba

Ranar da na je gaishe shi, Baffa ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai hawan nan?"

"Ni ne, Baffa."

"Madalla. Dabinona ya nuna, mai hawa kuma ya tafi Kiyawa. Ga igiya, ga lauje."

Hau. Hawan ba wuya, ka ga amfanin ilimi. Sai ka yanke nonon dabino na ƙarshe za ka tuna cewa a jikin ƙarfe zamewa ake yi a sauko. Dabino kuwa kaushi ne da ƙaya tun daga wuya har gindi.

Gargaɗi

Marubuci ba shi da hannu a yagewar wando, karaya, ko zama abin labari a unguwa. Duk wanda ya hau, shi da ƙafarsa.

Ni dai da na leƙa ƙasa, na hango Hadiyya a bakin zaure ta toshe baki da mayafi, na san saukowa ba yanzu ba. Baffa ya ɗaga kai.

"To ɗan boko, me kake jira?"

Na ƙanƙame dabinon, na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji:

"Baffa, ba zan sauko ba sai ka ba ni izinin turo magabatana. In ka ba ni, a taimaka da tsani."