Rasuwar Madubin da Ya Nuna Mini Yadda Yis Ke Haɗiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da abin da ya fi baƙin ciki ɗaci, nake sanar da rasuwar tsohon madubin duba ƙananan ƙwayoyin halitta na ɗakin bincikenmu, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi, yana da shekara goma sha tara.

Marigayi bai san girman kai ba. Ni mai wankin kwalabe ne, daga aji uku na bar makaranta, kuma kafin nan ban taɓa yin wata shida a wurin aiki ɗaya ba. Bai tambaye ni takarda ba. Na sa ido, ya nuna mini.

A wurinsa na ga ƙwayar yis ɗin da ke kumbura burodi, wadda ba ta da baki, tana haɗiya. Wani furotin, cikin sinadaran da ke yi mata aiki, zai fara zuwa ya kama wuri a fatarta, ɗigo kore. Sai wasu su kira ɗan'uwansu mai suna aktin, ja, ya saƙa zare ya lotsa fatar ciki. Kafin ka ja numfashi huɗu wasu sun zo sun warware saƙar. Kowa da lokacinsa, ba mai shiga aikin wani. Shekara uku na zauna a kujera ɗaya ina ƙirga waɗannan ɗigo. Innata ta ɗauka asiri aka yi mini.

Za mu yi kewar muryarsa: "zuuu" in an kunna, "ƙyat, ƙyat" in yana ɗaukar hoto.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Kowa ya san in an kashe fitilarsa sai ta huce rabin awa kafin a sake kunnawa. Wani ɗalibin Farfesan da ke shugabantar ɗakin, mai shirin zama dakta, yana sauri, ya kunna ta da zafinta. Marigayi ya ce "fau", bai ƙara ba. Ina bakin famfo a lokacin, kumfa har gwiwar hannu. Amma da aka zauna bincike, sai aka gano cewa mai digiri ba ya irin wannan kuskure.

Ya bar ruwan tabarau huɗu, da kwalbar mai, da mayafin leda da nake lulluɓa masa kullum. Ya bar maƙala biyu masu ɗauke da ƙirgata, inda aka gode masa har da lambar jikinsa, ni kuwa ko wasalin sunana babu. Ya bar magaji kuma, sabo fil, wanda ba ya buɗe ido sai an nuna masa katin izini.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe goma. Za a ɗauko shi a baro daga hawa na biyu zuwa sito na bayan gini. Ni aka ce in tura, daga can in miƙa makullina ga mai gadi. Masu ta'aziyya kada su makara, don mu biyu za a fitar a sawu ɗaya.